Alhaji Baballe da Gyaɗar Hanyar Kibiya

Akwai wani ɗan kasuwa a Rano, Alhaji Baballe, mai sayen amfanin gona yana kaiwa Kano. Ko masallacin bayan gidansa a kan babur yake zuwa. In an idar da asuba ya koma barci sai hantsi, ya tashi ya sha shayi mai kauri, ya zauna a rumfa har magariba.

A haka gwiwoyinsa suka ƙi lanƙwasuwa. Shekara biyu goshinsa bai taɓa ƙasa ba, a kan kujerar roba yake sallah a ƙarshen sahu. Bai faɗa wa kowa ba, amma abin yana cinsa a rai.

Likita ya ce magani kaɗai ba zai isa ba, sai ya riƙa takawa da ƙafa kullum da safe.

Alhaji ya dawo gida yana huci, ya tura hula ƙeya.

"Hansatu, kin ji? Ni, ni Baballe, in riƙa yawo a ƙasa? Ai sai a ce arziki ya gudu!"

Matar tasa ta ce, "To a ce mana, Alhaji. Masu cewar su za su ara maka gwiwa?"

Ya yi tsaki. Ita kuwa ta kai maganar wurin Sharu, abokinsa tun na ƙuruciya, wani manomi siriri kamar kara.

Da kaka ta kama, sai ga Sharu a rumfa, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Alhaji, gyaɗa ta yi bana a hanyar Kibiya. 'Yan Kano sun fara shinshinowa. Amma manoman sun ce sai wanda ya je gona ya gani da idonsa."

"Sai mu hau babur."

"Babur? A kan kunyoyin gonakin mutane, ga gyaɗa an baza tana shan rana? Wallahi sai su jefe mu."

Washegari bayan asuba suka ajiye babur a bakin titi suka shiga gonaki. Ba a jima ba Alhaji ya fara.

"Wash! Sharu, gonar nan a Kibiya take ko a Makka?"

"Ga ta can, bayan ɗorawar can."

Suka wuce ɗorawa huɗu.

Kowace rana gona guda kawai Sharu ke nuna masa. Yau mai gonar ya je suna, gobe ya kai matarsa unguwa. Barcin safe ya tafi. Shayi mai kauri ya koma kunu da dafaffiyar gyaɗa a gindin bishiya. Da an yi isha'i kuwa, Alhaji sai minshari.

A mako na uku ya tsaya cak.

"Kai Sharu, wannan gonar ai jiya mun zo ta."

"A'a, jiya ta wancan gefen muka shigo."

Alhaji ya dube shi, ya dubi gonar, sai ya gane dabara aka yi masa, ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Washegari shi ya riga zuwa ƙofar gidan Sharu.

"Fito mana, malalaci! Rana za ta yi!"

Ranar da aka yi gayyar yankan dawa a gonar Sharu, azahar ta riske su a can. Aka yi sahu a inuwa. Sharu ya jawo buhu.

"Ga wurin zama, Alhaji."

Alhaji ya daɗe yana kallon buhun. Ya ce, "Bari in gwada."

Da aka tafi sujada ya bi a hankali, gwiwa tana ƙas-ƙas. Goshinsa ya sauka a ƙasa.

Bayan sallama Sharu ya ga idonsa ya cika da hawaye. Ya miƙa hannu zai kaɗe masa ƙasar da ta manne a goshi. Alhaji ya riƙe hannun.

"Bar min ita. Da ita zan shiga gari."

Darasi: Girman kai ba ya ba mutum lafiya. Kaka ta zo, safiya ta yi daɗi: a rage barcin hantsi, a taka da ƙafa, a ci sabon abin gona. In kana da wani Alhaji Baballe a gidanku, tura masa wannan, amma kada ka ce ni na aiko ka.