Tsagar da Aka Rufe da Garin Katako

A shekarun da ake gina dam na Bakolori, an yi wani mutum a Talata Mafara, kafinta ne. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da jikoki. Wata rana wani lebura ɗan kudu ya kawo masa jita, irin molon Turawa, wadda ta karye. Ya kwance ta, ya duba cikinta, ya mayar. Kafin damina ta zagayo, shi da kansa yake ƙera jita daga katako har waya, ma'aikatan dam suna layi a ƙofar rumfarsa.

Ba hukuncin kiɗa na zo yi muku yau ba, wannan zama ne daban. Ha'inci na zo faɗa.

Allah ya ba mutumin nan ido. In katako ya ɗan lotsa, sai ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma, ya danna dutsen guga mai zafi, wurin ya taso. In ɗan rami ne, ya kwaɓa garin katakon da gam, ya cike, ya goge da samfefa, ya shafa fenti. Ko ka kai hanci ba ka ganin inda aka gyara. Wannan ba laifi ba ne, ya 'yan uwa, gwaninta ce.

To, akwai wani Manu, mutumin wajen Maradun, wanda ruwan dam ya cinye gonarsa. Ya iya molo tun yana saurayi. Ya sayar da ɗan bijimin da ya rage masa, ya zo a ƙera masa jita, don ya riƙa kaɗa wa ma'aikata ya ciyar da iyalinsa. Abin da ya mallaka a duniya ke nan.

Kafinta na cikin sassaƙa wuyan jitar sai tsaga ta bayyana, siririya, amma ta ratsa har ciki. Ya san abin da ya gani. Wuya shi ke ɗauke da nauyin wayoyi shida. Ya kamata ya jefar, ya sake sabo, aikin kwana uku kawai. Matarsa Taibatu, mai dafa masa gam, ta leƙa ta ce, "Malam, wanga ba tabo na ba, tsagewa ta."

Ya ce, "In fenti ya hau, wa ka ganinta?"

Kun ji fa! Wa zai gani? Wanda ya halicci itacen ba ya gani ne? Kwana uku ne suka fi ƙarfinka, kai da mutum ya miƙa maka abincin 'ya'yansa? Ya cusa garin katako a tsagar, ya goge, ya shafe. Jita tana ƙyalli. Manu ya karɓa da hannu biyu, har da yi masa addu'a. Kafinta bai ji kunyar cewa amin ba.

Bayan mako biyu, ranar Talata, kasuwa ta cika, Manu ya dawo. Ya ce sautin ba ya tsayawa, da ya ɗaure waya sai ta saki. Nan ma ƙofar tuba a buɗe take. Amma kafinta ya ga jama'a sun taru, girman kai ya hau shi. Ya ce, "Kai baƙauye, molo ka sani. Ba ni ita nan!"

Ya fizge jitar, ya kara fuskarsa kusa da wuyanta wai yana sauraro, ya shiga murɗa wayoyi. Wayoyin nan na birkin keke ne. Ya murɗa, ya ƙara murɗawa. Sai wuyan ya ɓalle. Waya ta zabga masa a ido, garin katako ya zubo ƙasa a gaban kowa. Wani tsoho ya duƙa, ya ɗebo garin, ya murza a yatsa.

Idon dama ya tsiyaye a nan take, na hagu ya bi shi kafin kaka. Mutane suka koma gida suka ɗauki wuƙa suna kankare duk abin da ya taɓa yi musu. Ƙyaure, gado, kujera. Mafi yawa lafiya lau suke, aiki mai kyau. Amma wa ya ƙara yarda? Har makarar masallaci da ya gyara aka ce a sauya, ba a ɗora mamaci a kanta. Wannan ta fi ciwon idon cin ransa. Manu kuwa ya tafi ƙwadago gonar albasa a Bakura, da furfurarsa.

Ya 'yan uwa, gyaran tabo daban, ɓoye aibi daban, kuma mai sana'a ya fi kowa sanin bambancin. Kai mai jera manyan albasa a bakin buhu, ruɓaɓɓu a ƙasa, da kai nake. Kada ka kalli na kusa da kai! In akwai aibi a hajarka, faɗa da bakinka tun mai saye bai miƙo hannu ba.

Allah ka tsare mu da cin amanar wanda ya yarda da mu, ka ba mu ikon tuba tun muna gani. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu. Amin.