Inabin Ƙauyen da Ba a Sani Ba

Akwai wani dattijo manomin inabi, Ammu Majid, daga Gusaina, wani ɗan ƙauye a kan duwatsun kudu da Ɗa'ifa. Wata rana ya sauko Makka da kwandunan baƙin inabi, ya shiga babban shagon 'ya'yan itace na Talal a unguwar Aziziyya.

Talal bai ko ɗanɗana ba. "Ya Ammi, baffana, alhazai inabin Ɗa'ifa suka sani, sai na Sham. Wa ya san Gusaina? Ka bari in rubuta Ɗa'ifa a kai, in saya duka."

Dattijon ya ce, "Ɗa'ifa ta cancanci sunanta. Amma wannan ba can ya fito ba, ba zan ce can ne ba."

Ya kwashi kayansa, rana tana dukansa, har ya isa rumfar wani mai sayar da 'ya'yan itace, Lurwanu, a unguwar Utaibiyya. Lurwanu ya jefa ƙwaya ɗaya a baki. Ƙanana ne, fatarsu siririya, ga zaƙi da ɗan tsami mai daɗi a ƙarshe.

"Masha Allah! Ya sunan garin?" Dattijon ya faɗa masa. Lurwanu ya sayi inabin duka, ya rubuta sunan a allo da manyan baƙaƙe.

Da farko ba ciniki. Mutane su karanta, su taɓe baki, su wuce. Rabin kayan ya lalace. Matar Lurwanu, Kabira, ta kira shi da alkunyarsa ta ce, "Abu Fahad, jarinmu fa ke narkewa."

"Ki yi haƙuri, bakinsu ne bai gaya musu ba tukuna."

Ya koma miƙa wa duk mai wucewa ɗan reshe kyauta. Ya kuma kai Kabira Gusaina. Babu manyan motocin 'yan yawon buɗe ido irin na Shafa da Hada, wuraren shaƙatawa na Ɗa'ifa, sai gonaki hawa-hawa, hazo, da iska mai sanyi. Kabira ta tsinki inabi da hannunta, ta ce, "Halas, shi ke nan, na yarda."

Kaka ta biyu, masu abincin biki suka fara yi wa rumfar layi, suna kiran sunan ƙauyen da bakinsu. Talal da kansa ya hau dutsen neman kaya. Ammu Majid ya shimfiɗa masa darduma, ya ba shi gahawa, sannan ya ce, "Ka je wajen Lurwanu, ya ɗana. Shi ke rabawa yanzu."

Darasi: Shahara ba ita ce inganci ba. Ka ɗanɗana kafin ka raina, kuma kada ka ari sunan wani don a karɓe ka. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.