Zoɓon da Hajiya Ta Tsige Daga Kek

Akwai wasu a cikinku, kuma yanzu haka suna karanta wannan rubutun, waɗanda da zarar jirgi ya sauke su a ƙasar waje sai abincin gidan ubansu ya fara yi musu wari. Ba zan kama sunan kowa ba. Ku dai ji abin da ya faru a Doha ta ƙasar Qatar, sannan mu yi magana.

Akwai wata baiwar Allah mai suna Fausatu, 'yar Zongon Kumasi ta ƙasar Gana, tana aiki a wani ƙaramin shagon kek a unguwar Al-Sadd. Abin da aka san ta da shi guda ne: kek mai ado da furannin da ake ci. Ba kowane fure ne ke shiga baki ba, kuma ita ta san wannan kamar sunanta. Takan je kasuwar Souq Waqif da kanta ta zaɓo busasshen wardi da zoɓo mai jiki, ta dafa zoɓon a ruwan sukari har ya buɗe ya yi sheƙi, ja wur, kai ka ce gilashi ne.

Kafil ɗinta, wato mai ɗauke da nauyin zamanta a ƙasar, wata dattijuwa mai shagon, ta faɗa mata magana ɗaya tun ranar farko: duk ranar da aka ce kek ɗin shagon nan ya ɓata wa wani ciki, masu duba abinci za su rufe ƙofa, ita kuma Fausatu ta haɗa jakarta. Shekara shida tana riƙe da wannan magana a ƙirjinta.

A watan Maris, lokacin da iskar Doha ke da daɗi, kowa na rige-rigen yin biki a fili kafin zafi ya sauko, sai ga odar Hajiya Sa'adiyya. Matar wani injiniya ce, 'yar Kano, suna zaune a Lusail, unguwar masu hali. Za ta aurar da 'yarta Sumaiya ga Wahid, ɗan wasu 'yan Sudan da suka daɗe a ƙasar. Amarya ce da kanta ta zaɓi kek ɗin: hawa huɗu, fari, furanni suna gangarowa daga sama.

Ranar walima, bayan azahar, Fausatu ta kai kek lambun da aka ƙawata. Ta jera shi, ta gyara, ta ajiye katin shagonsu a gefe. Tana ja da baya don ta kalle shi, sai ga Hajiya cikin farin leshi, turarenta ya riga ta isowa.

"Ke, mene ne wannan jan abin?"

"Sobolo ne, Hajiya. Wanda ku kuke ce ma zoɓo."

"Zoɓo?" Hajiya ta dafe ƙirji. "Zoɓon da ake ƙullawa a leda a tashar mota? A bikin 'yata? A Lusail? Surukaina Larabawa su zo su ga zoɓo a kan kek?"

"Amarya ce ta zaɓa, Hajiya."

"Amarya yarinya ce. Ke kuma daga ganinki ba ki taɓa shiga bikin manya ba."

Jama'a, ku ji abin da ya biyo baya. Matar nan ta sa hannu, hannun da ta gama gaisawa da mutum hamsin, ta riƙe waya, ta share zufa, ta fara tsige zoɓon ɗaya bayan ɗaya tana jefarwa a kan ciyawa. Kirim ya shiga ƙarƙashin farcenta, ta lashe, ta sake mayar da yatsan. Aikin kwana uku.

Ba ta tsaya nan ba. A bayan rumfa akwai bokitan Mashud, mai adon furanni, shi ma ɗan Zongo ne. Cikinsu akwai ragowar wasu manyan furanni farare da ake kira lili, tsaye a cikin ruwan da ya fara kore, ruwan da aka zuba wa maganin hana fure yaushi. Hajiya ta cafko dami guda.

Mashud ya taho da gudu. "Hajiya, a'a! Wannan na kallo ne. An fesa mishi magani tun daga gona. Ban ma cire garin da ke cikinshi ba."

"Kai kuma wa ya sa da kai? Yalla, matsa, ko in kira kafil ɗinka."

Mashud ya matsa. Yana da 'ya'ya a gida.

Haka ta dinga soka kararen furannin nan cikin kek, jiƙe sharkaf, koren ruwa yana bin farin kirim yana gangarowa kamar majina. Ta ja baya ta tafa hannu. "Yauwa. Yanzu ya zama na 'yan gayu. Khalas, shi ke nan."

Ta wuce tarbar baƙi.

Fausatu ta tsaya tana kallon katin shagonsu. Abu mafi sauƙi shi ne ta ɗauke shi ta sa a jaka, ta kira tasi, ta ɓace. Amma kowa ya san wa ya yi kek ɗin, ko da kati ko babu. Kuma ga yara can suna zagaya tebur suna haɗiyar yawu. Idan ta tafi, su za su fara ci. Idan ta tsaya ta hana, Hajiya za ta kira shago ta ce ta ɓata mata biki. Ko ta ina, jakarta ce ake haɗawa.

Ta ce a ranta, in dai komawa gida ce, gara in koma babu ɗan kowa a asibiti.

Ta ɗauke wuƙar yankan kek ta riƙe a bayanta, ta tsaya gaban tebur.

Bayan la'asar aka kawo amarya. Mai sanarwa ta ce a zo a yanka kek. Aka nemi wuƙa, babu. Hajiya ta matso tana murmushin da bai kai ido ba, ta yi ƙasa da murya.

"Ba ni wuƙar nan kafin in ci mutuncinki."

"Ki ci, Hajiya. Amma wannan kek ɗin ba mai ci."

"Kin san ko ni wace ce?"

"Na sani. Shi ya sa ban so a ce a bikin ɗiyarki aka kwashi yara."

Ana cikin haka uwar ango ta ƙaraso, Hajiya Sana, dattijuwa mai sanyin tafiya, wadda ta yi shekara talatin tana aikin haɗa magunguna. Ba kek ɗin ta fara gani ba. Idonta ya sauka kan wani ƙaramin akwati a buɗe kusa da jakar Fausatu, cike da ragowar zoɓon sukari, don Fausatu ba ta fita aiki sai da ƙari. Ta ɗauki ɗaya, ta ɗaga shi a rana, ta sa a baki. Sai ta lumshe ido.

"Karkade!" ta ce. "Allah! Tun rasuwar mahaifiyata ban ga wanda ya iya yi masa haka ba. A gidanmu ba a biki sai da shi."

Ku ji ikon Allah. Hajiya Sa'adiyya, wadda ɗazu zoɓo ke sa ta amai, ta washe baki. "Ai karkade abu ne mai daraja! Ni na ce lallai a kawo shi. Mu ma can gida sai manyan gidaje."

Zoɓo dai. Wanda ke watse a kan ciyawa ƙarƙashin takalminta. An canza masa suna zuwa Larabci, ya zama ɗan gidan sarauta.

"To me ya sa ba ya kan kek?" Hajiya Sana ta tambaya, ta juya. Murmushinta ya ɗauke. Ta zaro kara ɗaya, ta shinshina, ta kalli ramin da ya bari, kore, yana naso. "Wa ya soka wannan a cikin abinci? Akwai jikokina a nan."

Hajiya Sa'adiyya ko kunya babu, ta miƙa hannu ta nuna Fausatu. "Wannan 'yar Ganar ce. Tun ɗazu nake faɗa da ita a kai."

Fausatu ta kalli hannun da ke nuna ta. Ba ta ma buƙatar kare kanta. Duk wanda ya taɓa aikin fure ya san garin da ke tsakiyar lili: rawaya ne kamar kurkum, idan ya taɓa yadi ba ya fita, in ka goge ma ƙara bajewa yake. Shi ya sa masu ado suke cire shi kafin su jera. Hannun da Hajiya Sa'adiyya ta miƙa, daga yatsu har hannun farin leshinta, duk ya rine. Hannun Fausatu kuwa tas.

Hajiya Sana ta kalli hannun, ta kalli fuskar mai shi. Ba ta ɗaga murya ba. "Ki sauke hannunki, ya riga ya ba da amsa."

Amarya Sumaiya ta ce, "Umma, zoɓon da kike dafa mana da azumi ne fa. Shi ya sa na zaɓe shi."

Aka fitar da kek ɗin hawa huɗu ta bayan rumfa, zuwa shara. Fausatu ta buɗe kularta ta fito da ɗan ƙaramin hawa guda da take ajiyewa saboda tsautsayin hanya. Ta wanke hannu, ta jera masa zoɓo a gaban kowa. Shi aka yanka. Bai ishi rabin jama'a ba, amma ba wanda ya kwana da ciwon ciki.

Washegari wayar shago ta yi ƙara, Fausatu ta ɗauka ranar haɗa jaka ta zo. Ba ƙara aka kawo ba. Hajiya Sana ce, tana gaya wa kafil cewa ta riƙe yarinyar nan da kyau, kuma akwai bikin ƙanwar Wahid kafin zafi ya shigo.

Hajiya Sa'adiyya kuwa, duk hotunan bikin 'yarta tana tsaye ne da hannu a ɓoye cikin mayafi.

Darasi: Wanda ya raina abin gidansu har sai baƙo ya yaba, ba wayewa ya yi ba, kunyar kansa yake ji, kuma irinsa zai iya zuba wa mutane guba don a ce ya waye. Ku girmama mai sana'a idan ya ce muku "wannan ba a ci", ko da shi ne mafi ƙanƙanta a wurin. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman na waje. Wanda kuma ya ce sharri na yi, ga wurin sharhi nan a ƙasa: ya fito ya rantse bai taɓa ɓoye daddawa ko kuka ba don baƙo zai shigo. Ina jira.