Ƙwan Mansura a Kan Katanga

Assalamu alaikum 'yan'uwana na wannan shafi. Kwana da kwanaki ke nan wani abu yana cin raina, ko tuwo na kai baki sai in ji kamar ƙasa. Ni ba mai dogon karatu ba ce, a CM2 na tsaya, ajin ƙarshe na firamare, sai ku yi haƙuri da rubutuna. Ku dai karanta har ƙarshe, ina da tambaya.

Akwai wata mata a nan Gaya, sunanta Rahina, mai soya kifi a ƙofar gida. Mijinta Kabiru direban kamiyo ne, babbar motar kaya, rabin wata yana kan hanyar Yamai. Rahina ba ta da hayaniya. Irin matan nan ne da in ka taka su, su za su ba ka haƙuri.

Tana da 'ya, Mansura, 'yar CM1, aji biyar ke nan, yarinya mai tambaya kamar 'yar jarida. Me ya sa jirgi da lodin albasa yake ƙetare kogi, amma tsakuwa guda ta nutse? Ina ruwa yake zuwa in an shanya wanki?

Rahina ba ta taɓa ce mata ta rufe baki ba. Sai dai ta ce, "Je ki gwada mu gani."

Har lungu ta ware mata bayan madafi. Nan yarinyar take tara gwangwanayen tumatir, marufan kwalba, kara da tsohon pil, wato batir. Ta yi sikeli da sanda da gwangwani biyu. Ta yi jirgi da gwangwanin sardin, ta sa a daro tana ɗora masa tsakuwa tana ƙirgawa har ya nutse, gobe ta buɗa bakinsa ta sake. Ƙannenta ma a nan suka koyi ƙirga, ba da bulala ba.

Wata rana madam ɗinsu, malamar ajinsu, ta ce musu ƙwai yana nutsewa a ruwa, amma in ruwan ya sha gishiri sosai zai taso, kowa ya gwada a gida. Mansura ta roƙi ƙwai biyu, ta wanke kwalaben mayones biyu. Ta ɗaura wa mai gishirin jan zare don kada ta rikice. Ƙwai kuwa ya taso. Uwa da 'ya suka yi ta dariya har kifi ya kusa ƙonewa.

Sai Mansura ta ce tana so ta ga ko gishirin zai dawo in rana ta shanye ruwan. Don gudun akuya da ƙaninta mai rarrafe, ta taka turmi ta ɗora kwalaben bisa katanga.

Katangar nan kuwa ita ta raba su da gidan Hajiya Bibata, mai sayar da atamfa, wadda take ƙetaro kaya daga Malanville, can ƙasar Benin, ta jirgin ruwa. A satin nan dilar atamfarta guda ta faɗa kogi wajen saukewa, launi ya zuba, kaya suka lalace. Zuciyarta na tafasa, tana neman wanda za ta ɗora wa. Da safe ta ɗaga kai, sai ga ƙwai cikin kwalba, da jan zare a wuya, yana fuskantar ƙofar ɗakinta.

Ku ji fa. Ba ta leƙa ta yi sallama ba. Ba ta tambaya ba. Maƙwabtaka ta shekara da shekaru, wadda suka yi ta aron gishiri da garwashi, ba ta sa ta tsaya ba. Ta ɗauki hoto, ta tura wa matan unguwa da vokal, wato saƙon murya, cewa ga hannun da ya tura dilarta kogi. Sannan ta fito titi ta tara jama'a.

Rahina ta fito hannunta duk gari, tana rantsuwa aikin lakwal ne, malamar makaranta ce ta sa.

Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Lakwal? Yaushe aka fara koyar da ƙwai da jan zare a lakwal? Ke dai faɗi bokan da ya ba ki, 'yar baƙin ciki."

Daga ranar kifin Rahina ya riƙa kwana a faranti. Wanda ya saba saye sai ya tsallaka titi. Ta je suna, aka kawo shinkafa, matan da suka saba haɗa hannu da ita a kwano kowacce ta ce ta ƙoshi. A hanyar lakwal yara suka riƙa toshe hanci suna kiran Mansura 'yar mai asiri. Kuma wallahi rabin matan nan 'ya'yansu ajinsu ɗaya da ita, sun ji abin da madam ta faɗa. Ba wadda ta buɗe baki. Wannan shi ya fi ƙona min rai.

Kabiru ya kira daga Dosso, ya ce ta je ta ba Hajiya haƙuri a wuce wurin. Rahina ta san in ta ba da haƙuri ta amsa laifi ke nan, kuma sunan zai bi 'yarta har ɗakin aure. Karon farko a zamansu ta ce masa a'a. Ta yafa mayafi, ta kama hannun Mansura, ita da kanta ta kai ƙara wajen mai unguwa, Baba Alassan.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidansa. Tsohon ya saurari kowa, sannan ya dubi yarinyar ya ce, "Amaryata, zo ki nuna min asirin nan, ko ni ma in samu na kamun kifi."

Mansura ta zuba ruwa, ta sa ƙwai, ya nutse. Ta zuba gishiri tana motsawa. A hankali ƙwai ya taso.

Rahina ta sauke ajiyar zuciya, ta zaci magana ta ƙare. Ina! Hajiya ta miƙe tana nuna kwalbar, ta ce to ga shi kowa ya gani da idonsa, ƙwai yana bin umarnin yarinya. Har wasu suka fara ja da baya suna neman tsari.

Baba Alassan bai yi musu da ita ba. Ya aika gidan Hajiyar aka ɗebo ruwan randarta, da gishirin madafinta, da ƙwan kazarta, da kofinta. Ya sa Rahina da 'yarta suka koma can gefe. Ya ce Hajiya ta yi da hannunta, ta yi bismilla ma in tana so. Ta so ta ƙi, ido ya yi mata yawa. Ta zuba, ta motsa, tana tsaki.

Ƙwai ya taso, ya tsaya yana kallonta.

Tsohon ya gyara zama ya ce, "To Hajiya, ke kuma wane boka ya ba ki?"

Wurin ya ɗauki dariya. Ta ja mayafi ta tafi, ko waiwaye babu, balle ban haƙuri. Yanzu in ta ratsa kasuwa sai ka ji 'yan kabu-kabu suna tambayarta ko ƙwai ya sauka. Ramin da ta gina ita ta faɗa.

Kifin Rahina ya koma ƙarewa kafin magariba. Matan da suka ƙoshi ranar suna sun dawo da fara'arsu, kamar ba su ba.

Amma da Kabiru ya dawo, ya ce shi ba ya son abin da zai sake kai sunan gidansa gaban mai unguwa. Ya kwashe lungun nan kaf, sikeli da jirgi da komai, ya zuba a bola. Mansura tana tsaye, ba ta yi kuka ba.

Shekaranjiya Rahina take gaya min ta so ta ja Mansura da hira, ta tambaye ta me ya sa mai yake hawa kan ruwa. Yarinyar ta ce, "Ban sani ba, Inna. Ba na ma so in sani."

Darasi: Tambaya ba ta da tsada, amma zargi yana cin abin da ba a iya biya. Kafin ka kira maƙwabcinka mugu, taka ka ce masa mene ne wannan. Sunan babba yana wankuwa, amma in ka kashe wa yaro son sani, wa zai tayar? Ku tura wa iyaye su karanta.

Ga tambayata. Raina yana ce min in share gefen tsakar gidana, ran Asabar Mansura da nawa yaran su riƙa gwaje-gwajensu a gabana. Amma ni ma katangata da ta mutane a haɗe take, kuma ubanta ya riga ya hana. In je in roƙe shi, ko in kama kaina? Don Allah ku ba ni shawara.