Rabin Awar da Zayyanu Ya Ƙi Jira

Akwai wani mutum a Wurno, zamanin Turawa, saura shekara huɗu su naɗe tabarmarsu, sunansa Zayyanu. Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama, amma kada ku sa ran dariya yau. Ni kaina duk ranar da na tuna labarin nan sai abinci ya fita raina.

Zayyanu akawu ne a aikin noman shinkafa da aka buɗe a fadamar Rima. Ya yi makaranta a Sakkwato, Turanci ya zauna a bakinsa, kuma matsalar ita ce shi ma ya san da haka. Baturen gonan da yake yi wa aiki yana da wata irin rediyo wadda ba sauraro kaɗai ake yi da ita ba, har magana ake aikawa, wani mai irinta a wani gari ya amsa. Zayyanu ya liƙe masa har ya koya, ya ci jarrabawa, aka ba shi lasin. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa kayan gaba ɗaya, har da injin wuta da littafin bayani.

Akwati biyu ne. Ƙaramin shi ake magana a cikinsa, amma muryarsa ba ta da ƙarfi. Da damina, idan sama ta cika da tsawa, ƙarar hadari shanye ta take yi. Babban kuwa aikinsa ɗaya, ya karɓi 'yar muryar nan ya ƙara mata ƙarfi ta keta komai ta isa. Ƙato ne, sai ƙarti huɗu ke ɗaga shi, cikinsa kwalaben gilashi ne masu ɗaukar zafi. Biyu daga ciki akwai zaiba kwance a gindinsu, su ne ke tace babbar wuta, idan suna aiki sai ka ga wani shuɗin haske a ciki. Mutanen gari suka raɗa masa suna Mai-kwalabe.

To akwai wani dattijo, Baba Mode, tsohon sojan yaƙin Bama. Shekara uku ya yi yana hidimar babbar wayales, wato rediyon sojoji da ake yawo da ita a mota. Ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba, amma kunnensa da hancinsa sun san kwalaben nan. Shi ke kula da injin wuta tun zamanin Bature. Kuma shi ne kawun Kaltume, matar Zayyanu. Shi ya riƙe ta tun tana 'yar mitsitsiya, shi ya ba Zayyanu aurenta.

Wata rana baƙi suka zo daga Raba takanas don kallon Mai-kwalabe. Zayyanu ya cika ya batse, yana murɗa nan yana murɗa can, yana zuba Turanci. Baba Mode ya leƙo ta ƙofa ya ce a hankali, "Malam, kwalbar tsakiya ta yi ja da yawa. Rage mata kaɗan."

Gaskiya ya faɗa. Amma a gaban baƙi ya faɗe ta, Zayyanu kuwa ya ji kamar an tuɓe masa hula a kasuwa. Ya ɗauko littafin Bature ya miƙa masa.

"Ungo, karanta muna inda anka rubuta haka."

Baƙi suka kwashe da dariya. Tsoho ya tsaya da littafi a hannu, bai ma san sama da ƙasansa ba.

"Mode, tahi wurin injinka. Wanga aiki na masu takarda na."

Kun ji fa, Mode, gatsal, babu Baba. Surukinsa! Tsoho ya ajiye littafin a kan tebur, ya sa takalmansa ya fita.

Kaltume ta ji komai ta bayan zana. Da baƙi suka watse ta ce, "Malam, ubana na hwa. Ko ba ka ga girman hurhura ba, ka ga girmana. Tahi ka ba shi haƙuri."

Ya ce, "In na samu sarari." Bai samu sararin ba har wata biyu, Baba Mode kuma bai sake taka ɗakin rediyo ba.

Da damina ta yi tsakiya, wani attajirin albasa a Goronyo ya gayyaci Zayyanu ya je ya nuna wa mutanensa abin mamaki. Mai son a yabe shi ai ba ya cewa a'a. Aka loda kaya a motar gona. Mai-kwalabe ya ƙi shiga ƙarƙashin tamfol a tsaye, sai aka kwantar da shi a gefe. A can Allah ya rufa asiri, don an tayar da shi an kunna masa ƙaramar wuta mai ɗumama kwalabe tun hantsi, ana ta gaishe-gaishe da ciye-ciye, sai da yamma aka yi aiki da shi. Komai ya tafi daidai, Zayyanu ya sha tafi.

Ranar Laraba suka juyo cikin ruwa, akwati a kwance, mota na faɗawa ramuka tana tashi. Bayan azahar suka iso Wurno, Zayyanu ya hangi taro a ƙofar gidansa.

Kububuwa ce ta sari Kaltume da hantsi, ta sa hannu ƙarƙashin rumbu za ta jawo kara. Masu maganin gargajiya sun yi nasu. Malamin ɗakin shan magani ya duba ya ce babu abin da zai yi sai allurar dafi, ita kuma sai Sakkwato. Ga shi ruwa ya cinye hanyar Sakkwato, ya kayar da turakan waya, mota ba ta wucewa.

Zayyanu ya shiga ɗaki ya same ta kwance, hannu ya kumbura har kafaɗa, jini na tsattsafowa daga dasashinta. Baba Mode na zaune a ƙasa kusa da kanta yana mata addu'a.

Hanya ɗaya ta rage, kuma duk wanda ke gidan ya san ta. Akwai wani Baturen likita a Sakkwato, shi ma mai irin wannan rediyo ne, kullum yakan zauna sauraro daga ƙarfe biyu zuwa uku. Idan ya ji, zai turo allura a mota har bakin ruwa, masunta su ƙetaro da ita a jirgi, kafin magariba ta iso. Zayyanu ya duba agogonsa. Biyu da minti goma.

Aka shigar da akwatuna a guje, aka tayar da babban a tsaye, aka haɗa eriya. Ba wanda ya roƙi Baba Mode, da kansa ya tashi ya je ya tada injin. Zayyanu ya kunna ƙaramin makunni mai ɗumama kwalabe, ya ɗora hannu a kan babban, mai sakin babbar wuta, idonsa a kan agogo.

Tsoho ya shigo yana share hannu a riga. Ya ce, "Malam, tsaye anka kawo shi ko kwance?"

"Kwance. Mi ya kawo wagga tambaya yanzu?"

"To kada ka taɓa babban. Zaiba ta watsu, ta manne ko'ina cikin kwalba. Sai ta ji zahi ta sauka gindi. Ba ta rabin awa."

"Littahi ya ce minti uku."

"Minti uku na wanda ba a motsa ba na. A Bama, duk ranar da munka yi tahiya da shi, rabin awa muke ba shi. Na ga abin da ke hwaruwa in ba a ba shi ba."

Ku yi lissafin da kanku, jama'a. Da ya jira, da uku saura minti ashirin zai fara kira, likita na nan zaune. Lokaci ya isa har ya yi saura.

Ba zan yi wa Zayyanu ƙarya ba, tsoro ya kama shi, nishin matarsa na shigowa ta taga, kowane minti yana ji a ƙirjinsa. Amma ba tsoron ne ya yanke hukunci ba. Mutane ne cike da bakin ƙofa suna kallo, ga tsohon da ya kora ya dawo yana koya masa aiki. Abin da ya kasa haɗiyewa ke nan.

"Matata na mutuwa kana ce mani in zauna kallon kwalba?"

"Ɗiyata ta, Malam. Don Allah na roƙe ka." Tsoho ya ɗora hannunsa a kan na Zayyanu.

Zayyanu ya fizge, ya danna.

Wani farin haske ya walƙa a cikin akwatin, aka ji tas! kamar an fasa dutse. Injin ya yi gurnani. Hayaƙi ya turnuƙe, warin ƙonanniyar waya ya cika ɗakin. Kwalaben zaiban nan biyu sun yi baƙi ƙirin, taransifomar da ke ba su wuta ta ƙone. Babu irinsu a Wurno, babu a Raba, babu a Goronyo. Masu kallo suka ja da baya suna salati.

Zayyanu ya cire wayoyi, ya haɗa ƙaramin akwati kai tsaye da eriya, ya shiga kira. Yana jin likitan tangaram, don akwatin likitan mai ƙarfi ne. Likitan ya ce da Turanci, "Akwai mai kira, amma hadari ya rufe shi. Maimaita."

Ya maimaita. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Ya faɗi sunan garin, ya faɗi sunan macijin, ya koma Hausa bai ma sani ba. Amsar ɗaya ce: "Ba na jin ka. Maimaita." Da agogo ya nuna ƙarfe uku sai ya kashe akwatin, ya kifa kansa a kan tebur ya fashe da kuka.

Da ya ɗago, Baba Mode ba ya nan. Ya ari doki, ya ce zai zagaya ta wajen Raba, ya bi tudu tudu, inda ruwa ya tare shi ya nemi masunta. Mutumin da ya haura sittin, a cikin wannan ruwa.

Zayyanu ya wanke fuska ya shiga wurin Kaltume. Ta buɗe ido da ƙyar.

"Malam, sun ji ka?"

Ya dubi fuskarta. Bakinsa ya kasa ɗaukar gaskiya. Ya ce, "Sun ji. Mota na tahe."

Ta yi murmushi. "Alhamdulillahi. Na san za su ji ka. A ɗage mani asabari, in ji shigowarta."

Wannan ƙaryar ita ta fi komai cin ransa. Laraba ta wuce. Alhamis tun safe jini ya fara fita ta hanci, har wani tsohon tabo na yankan wuƙa a yatsanta ya buɗe. Duk ƙarar da ta ji sai ta ɗaga kai. Tsawa ta yi, ta ce, "Ita ce?" Mata suka fara daka a maƙwabta, ta ce, "Ita ce?" Shi kuma yana zaune yana goge mata jini yana cewa, "Ta kusa." Sau nawa ya buɗe baki zai faɗa mata abin da ya yi, sau nawa ya rufe. Ko sau ɗaya ba ta zarge shi ba, kuma wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ranar Juma'a da hantsi ta daina tambaya. Ta yi kalmar shahada, Allah ya karɓi abinsa.

Ana dawowa daga maƙabarta sai ga Baba Mode, taɓo har gwiwa, ƙafafu sun farfashe, tare da wani malamin asibiti mai rungume da ƙaramin akwatin allura. Tsoho ya dubi fatanyun da ke kafaɗun mutane, ya dubi jar ƙasar da ke ƙafafunsu. Bai tambayi kowa komai ba. Ya zauna a gindin katanga ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Zayyanu ya rarrafo ya durƙusa a gabansa. "Baba, ni na kashe ta."

"Kul, kada ka sake hwaɗin haka. Kwananta ya ƙare. Ba wanda ke wuce ranarsa."

Da Zayyanu ya tsaya nan da ya tsira da wani abu. Amma sai ya tambaya, "Baba, likita ya ce wani abu?"

Tsohon ba mai ƙarya ba ne, bai kuma iya kauce-kauce ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya ce ya ji a jikinsa wani na cikin wahala. Ya sa direba ya tsaya da mota a ƙohwa, shi kuma bai tashi daga gaban akwati ba sai bayan la'asar. Sunan gari kawai yake jira."

Zayyanu ya ci gaba da durƙuso a wurin. Tsohon da ya yi kwana biyu cikin ruwa, shi ya miƙe ya kama hannunsa ya shigar da shi gida.

Darasi: Takarda ilimi ce, amma ba ita kaɗai ce ilimi ba. Wanda ka raina don bai yi boko ba, wataƙila shi ke riƙe da abin da littafinka bai faɗa ba. Kuma ranar da hankalinka ya fi tashi, ranar ce ka fi bukatar haƙuri da sauraron na gaba da kai. Ajali na Allah ne, amma nadamar girman kai kai kaɗai za ka ɗauke ta. In akwai dattijon da ka wulaƙanta, je ka ba shi haƙuri yau, kada ka jira samun sarari. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, ba ku san wanda zai amfana ba.