Tulunan Gwamma

A zamanin da, tun ba a sare dajin Gagara-Gatari ba, lokacin da fatake suka gwammace su zagaye shi ko da zagayen zai cinye musu rabin guzuri, an yi wani maharbi mai suna Nomau. Bahago ne, dogo, marar yawan magana. A tsakiyar dajin akwai maɓuɓɓugar ruwa wadda ba ta ƙafewa ko a shekarar fari, amma wata damisa ta mallake ta. Masu ba da tarihi sun ce kibiya lanƙwashewa take yi a jikinta, dafi kuwa bai fi ruwan kanwa ba a wurinta. Maharba da yawa sun shiga nemanta, sai dai a tsinci kwarinsu a gindin itace.

Nomau ya shiga shi kaɗai. Da kibansa suka ƙare, ya jefar da baka ya tare ta da hannu, suka yi ta kokawa tun hantsi har inuwa ta juya. Ya kashe ta, amma kafin ta mutu ta ɗora masa farata a fuska, ta yage kumatunsa biyu. Da raunin ya warke, tabo ya shafe tsagar gadon da aka yi masa ranar suna, ba wanda zai dubi fuskarsa ya ce ga gidan da ya fito.

Nan ya kafa bukka. Masu gudun yaƙi da masu gudun yunwa suka ji labarin ruwa da kwanciyar hankali, suka yi ta zuwa daga gabas da yamma, har wurin ya zama gari, ana ce masa Zangon Nomau. Inda jama'a ta taru kuwa ba a rasa maroƙi. Wani mai suna Mati ya iso da kalangunsa, ya kafa kirari:

"Nomau gagara-damisa! Bahago mai hannun dama biyu! Jikan sarakunan gabas, wanda ya bar gadon mulki ya zaɓi daji!"

Mati bai san komai game da asalin Nomau ba, bakinsa ne ya ga gurbi ya cike. Gaskiyar magana ita ce Nomau ɗan majema ne daga wani ƙauye mai suna Dumbule. Ubansa ya ƙare rayuwarsa cikin warin fata da ruwan bagaruwa, uwarsa kuma maginiyar tukwane ce. Tun yana saurayi, ranar da 'yan mata suka toshe hanci a dandali don ya matso kusa, ya ɗauki baka ya bar gida bai waiwaya ba. Da ya ji kirarin Mati, ya buɗe baki zai gyara, sai ya ga yadda idon jama'a ya cika da girmamawa, ya mayar da bakinsa ya rufe. Mutumin da ya tari damisa da hannu, ga shi ya kasa tarar maroƙi da kalma ɗaya.

Abin bai tsaya a kirari ba. Da matarsa Delu ta haihu, wanzami ya zo ranar suna ya tambayi irin tsagar gidansu. Mati ya yi caraf ya zayyana wata doguwar tsaga daga goshi har haɓa, wai ita ce ta sarakunan gabas. Nomau ya ɗaga kai alamar haka ne. Yana tsaye aka yanka ƙarya a fuskar ɗansa, jariri na tsala kuka, mata na guɗa. Ranar bai iya cin naman suna ba.

Ana nan, wata shekara ayarin fatake ya sauka, a cikinsu akwai wata tsohuwa da ƙunshin tsummokaranta a ka. Al'adar garin ita ce duk baƙon da ya zo a kai shi gaban Nomau, a tambaye shi inda ya fito da wanda yake nema. Tun daga tafiyarta Nomau ya gane ta. Uwarsa ce, Gwamma. Mijinta ya rasu, Dumbule ta watse saboda fari, ita kuma ta ji fatake na labarin wani maharbi bahago, ta biyo su da ƙafa.

Aka tambaye ta inda ta fito, ta faɗa. Aka tambaye ta wa take nema. Ta ɗago ido sau ɗaya ta dubi mai tabon fuska, ta ja gefen zanenta ta rufe baki, ta kawar da kai. Nomau ɗanta ne na fari, uwa kuwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a cikin mutane, ko da wuƙa aka sa mata a wuya. Ita ta yi abin da ya kamace ta. Saura shi ya tashi ya durƙusa ya ce ga mahaifiyata. Mati na gefe da kalangu, manyan gari na zaune, 'ya'yansa masu doguwar tsaga na wasa a gabansa.

"A ba wa baƙuwa wuri a bakin fadama," in ji shi. "A kai mata hatsi."

Ya san sarai ba za ta taɓa tona shi ba, kuma da wannan sanin ya fake. A duk abin da Nomau ya yi a duniya, wannan ne mafi muni: ya ɗauki kunyar uwarsa ya mayar da ita mayafinsa.

Gwamma ta zauna a bakin fadama, inda yumɓu yake da kyau, ta koma sana'arta. A lokacin mata na yawan faɗa a maɓuɓɓuga saboda tuluna na rikicewa, kowace ta ce nata ne. Sai Gwamma ta shiga zana wa kowane tulu tsagar gidan mai shi a wuya, tun yumɓu yana ɗanye. Kafin ta zana sai ta zaunar da mutum ta tambaye shi sunan ubansa da kakansa, da garin da suka baro, da abin da ya raba su da shi. Abin da ya shiga kunnenta ba ya fita. Kowane gida ta gina wa tulu sai ta gina ƙaraminsa ta ajiye a ɗakinta, har suka yi layi a gindin bango. Idan za a yi aure, wurinta ake zuwa binciken asali. An ce wasu 'yan'uwa biyu da yaƙi ya raba tun suna goye, a ɗakinta suka gane juna, don ta ajiye tulunansu kusa da kusa ta ce su duba da kyau.

Nomau yana aika mata da hatsi da cinyar barewa, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙofarta ba. In hanya ta haɗa su, ita ta kawar da kai, shi ya sunkuyar da nasa. Yakan hango ta tana haƙar yumɓu da bayanta a tanƙware, ya ji abinci ya fita ransa har washegari. Kullum yana cewa a ransa bari damina ta wuce, bari a gama girbi, bari yara su ƙara girma.

Gidan kowa ya samu tulu sai gidan mai gari, abin har ya fara zama abin magana. Delu, wadda ba ta san komai ba, ta aika a gina musu nasu da tsagar sarakunan gabas. Gwamma ba ta yi musu ba. Ta gina shi babba, ta zana doguwar tsagar kamar yadda aka ce, ta sa shi a wuta tare da sauran. Duk suka gasu lafiya, shi kaɗai ya tsage daga wuya har gindi. Ta sake ginawa, ya sake tsagewa. Ta canza yumɓu, ta canza itace, bai hana ba. Mati ya ce ai tsagar sarakuna ta fi ƙarfin ƙasa, maza suka yarda suka ƙara jinjina wa Nomau. Shi kuwa duk tulun da aka ce ya fashe, ji yake kamar a gaban jama'a aka tuɓe masa riga.

Shekaru suka tura. Wata ranar kasuwa da hantsi, Ladingo ungozoma, wadda ta yanke cibiyar rabin garin kuma ba ta tsoron kowa, ta shigo zauren Nomau ba sallama, ta kori waɗanda ke zaune da shi. Ta shaida masa cewa tsohuwar bakin fadama ta kwanta, kuma ba ta ga alamar tashi ba. Nomau ya ce Allah ya ba ta lafiya, zai aika da zuma.

"Zuma," in ji Ladingo. Ta zauna a kan buzunsa. "Saurara, mai gari. Matar nan ta san sunan kowa a garin nan, da na ubansa, da na kakan da ya mutu a wata ƙasa. Jaririn da na yanke wa cibiya jiya ma ta kira sunansa. Naka kaɗai ba ta taɓa kamawa ba. Sai dai ta ce wancan, ko mutumin gidan can. Mu mata mun san mutum biyu da mace ba ta kama sunansu, mijinta da ɗanta na fari. Kai kuwa ka yi yarinta da zama mijinta."

Da ƙyar Nomau ya tambaye ta wa ya sani ban da ita. Ladingo ta ce duk macen da ke ɗibar ruwa a maɓuɓɓuga ta sani tun shekarar da tsohuwar ta zo, har Delu ta gane daga baya ta yi kukanta a ɓoye. Sun yi shiru ne don Gwamma ta roƙe su da ido, ba don girmansa ba. Ashe duk tsawon shekarun nan da yake wucewa ana durƙusa masa, matan garin kallonsa suke yi a matsayin mutumin da ya ajiye uwarsa a bakin fadama. Kunya ta kama shi irin wadda ba ta barin mutum ya zauna ko ya tsaya, ya fita ba hula ba takalmi.

Ya tarar da Gwamma a kwance a kan tabarma, ƙananan tuluna sun kewaye ɗakin. Ya zube a ƙasa, ya kira ta da sunan da rabonsa da shi tun yana saurayi.

"Inna."

Gwamma ta juya fuskarta ga bango, kamar yadda uwar ɗan fari take yi. Sannan ta yi magana, ba da shi ba, da Ladingo da ta biyo shi.

"Ki ce wa wancan ya sha ruwa, ya sha rana. Ga tulunsa can a bayan ƙofa."

Ladingo ta ɗaga faifan da aka rufe shi da shi. Tulu ne madaidaici, ya yi baƙi don daɗewa, a wuyansa bille ɗaya da gajerun tsaga a gefe, tsagar majeman Dumbule, wadda damisa ta shafe daga fuskarsa. Shi ta fara ginawa da ta sauka garin, kuma wuta ba ta taɓa shi da komai ba. Cike yake da ruwa mai sanyi. Wata maƙwabciya ta ce kowace safiya tsohuwar sai ta zubar da na jiya ta ɗebo sabo, ko da ciwo ya kama ta sai ta roƙi a ɗebo mata, ba ta taɓa faɗin wanda take ajiye wa ba.

Nomau ya sha, hawaye na zuba cikin moɗa. Ya tashi ya ɗauki tulun ya ɗora a ka, abin da namiji ba ya yi, balle mai gari. Ya ratsa tsakiyar kasuwa da shi, ruwa na zubo masa a fuska, mutane na darewa. Mati ya ɗaga kalangu zai fara, Nomau ya ɗaga masa hannu. Ya tsaya inda kowa zai ji, ya faɗi sunan ubansa da sana'arsa, da sunan Dumbule, ya ce tsohuwar bakin fadama ita ta haife shi, shi kuma ya gan ta ya ce a kai mata hatsi. Ba wanda ya yi dariya. Da an yi ma da ya fi masa sauƙi.

Ya sa aka gyara mata ɗaki a cikin gidansa, ya koma da samari su ɗauko ta. Tun daga nesa ya ji kukan mata. Ladingo ta ce Gwamma ta cika, amma labarin kasuwa ya riske ta da ranta, ta ja zane ta rufe baki.

Bayan an binne ta, Nomau ya hana a sake kiran garin da sunansa, ya hana a yi masa kirari. Jikokinsa duk tsagar majema aka yi musu, kuma ita ce a fuskar gidan sarautar garin har aka daina tsaga. Ɗakin Gwamma ba a rushe shi ba. 'Yan matan da ta koya wa gini suka gaje ta, uwa ta ba 'ya, kowace da sunayen gidajen da ta haddace. Garin yanzu Tulunan Gwamma ake ce masa, mutane kan zo daga nesa neman tushen kakanninsu, a kai su ɗakin, a nuna musu tulun gidansu, a lissafo musu waɗanda suka fito daga cikinsa. Amma ba a barin kowa ya wuce bakin ƙofa, ko wane ne shi, sai ya durƙusa ya sha ruwa daga baƙin tulun da ke bayanta, ya faɗi sunan uwarsa da ƙarfi. Idan baƙo ya tambayi wanda ya kafa garin, 'yan gari ba sa kama sunansa. Sukan ce masa ɗan Gwamma ne.