Harshen da Almustafa Ya Ɓoye

Har yau mutanen Tawa suna cewa an hana Almustafa ɗan Sauda aiki ne saboda ba shi da kowa a sama. Ba haka ba ne. Ina cikin mutum ukun da suka yi masa tambayoyi, kuma ban manta komai ba.

Shekarar 1984 ce, damina ta ƙi, dabbobin arewa sun ƙare. Wata ƙungiyar agaji ta nemi mutum ɗaya da zai kula da rabon hatsi a sansanin makiyaya kusa da Takanamat. Almustafa ya fi duk masu nema karatu. Aibinsa shi ne jin kunyar asalinsa. Mahaifiyarsa Sauda Buzuwa ce mai yaren Tamashek daga wajen Tebaram, mijinta ya rasu, ita da ƙannensa huɗu da wannan aiki suka dogara. Mu ba mu san haka ba.

Ya shigo biro, wato ofis, sanye da kwat cikin zafin nan, yana zufa. Duk tambayar da aka yi masa da Hausa, da Faransanci yake amsawa. Malam Attahir, shugaban zaman, ya ce, "Samari, aje Faransancin nan, ba Faransa za mu aike ka ba. Kana jin Tamashek?"

Almustafa ya saci kallon na ukunmu, wani hafsan soja da ke gefena, ya gyara wuyan riga. "Mushe," in ji shi, wato "Malam" da Faransanci, "ni ɗan birni ne. Ina ni ina yaren daji?"

"Ko gaisuwa?"

"Ko gaisuwa."

Bayansa wani mai nema, Ciɗo, ya shigo, takardarsa ƙarama, rigarsa tsohuwa amma wankakkiya. Da aka yi masa tambayar Tamashek, ya ce, "Ina ji kaɗan, na kasuwa. Abin da ban sani ba zan tambaya." Shi muka ɗauka, domin mutanen sansanin Tamashek suke yi.

Bayan wata biyu na je duba rabon. A cikin layi na ga Almustafa, ba kwat, yana riƙe da hannun wata tsohuwa, yana lallashinta da Tamashek tsantsa wanda Ciɗo bai kai rabinsa ba. Hatsinsu ya ƙare a birni, sun komo cikin dangi.

Tsohuwar ta ce mini, "Madam, wanga ɗana na. Da harshena na raine shi, ga boko ya yi. Mi ya rasa kuka ƙi shi?"

Na dube shi, ya sunkuyar da kai. Na ci gaba da duba rabon. Watan gaba ya tafi ci-rani Abijan, ita kuma ba ta ga damina ba.

Mai karatu, masu ɗaukar aiki ba ado suke nema ba, amfani suke nema. Kafin ka shiga gabansu, ka bincika abin da aikin yake buƙata. Ka amsa da harshen da aka tambaye ka. Abin da ka sani ka faɗe shi, ko a ɗakin mahaifiyarka ka koye shi.